"Yaya, wai gaskiya ne?": tambayoyi da amsoshi kan injin wasannin bidiyo da labaran wasannin da ake jira

Ina riƙe da wani ɗan gidan gem a Sabon Gari, nan Damagaram. Talabijin huɗu ne: PS4 biyu, PS3 guda, sai wata tsohuwar PS2 da na bari saboda ƙananan yara masu dala goma. Da la'asar, in an taso daga lakwal, ba masaka tsinke. Amma hira ba ta yin daɗi sai an ɗauke kuran. Nan ne ake ajiye manet, a jawo benci bakin ƙofa, kowa ya zaro salula. Kafin shayin farko ya nuna an miƙo mini wata: "Yaya, duba wannan don Allah, wai gaskiya ne?" Ko bidiyon GTA 6 ne, ko sabon wasan ƙwallo na PES, ko wani hoto da aka ce daga kamfani ya fito. Sunan wasan ne kawai ke canzawa, tambayoyin kuwa su ne dai na jiya, shi ya sa na tara su wuri ɗaya da amsoshin da nake bayarwa.

Mene ne "injin" da ake ta faɗa? Yana cikin PlayStation ɗin ne?

Ba ya ciki. Ba ƙarfe ba ne balle a kwance shi a gani. Manhaja ce, tarin kayan aiki da masu ƙera wasa ke ɗora aikinsu a kai. Ita ke lissafa yadda haske zai sauka a fuskar ɗan wasa, yadda ƙwallo za ta dawo in ta bugi turke, yadda ƙarar mota za ta ragu in ta yi nisa, da abin da zai faru in ka danna maɓalli.

Akwai na haya, akwai na gida. Na haya da aka fi sani su ne Unreal Engine na kamfanin Epic Games da ke Amurka, wanda ya samo suna daga wasan Unreal na 1998, sai Unity da ya fito a 2005. Kowa na iya sauke su ya koyi aiki. Epic na karɓar kashi 5 cikin 100 bayan wasa ya tara dala miliyan ɗaya. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Na gida kuwa, kamfani ne ya ƙera wa kansa: RAGE na Rockstar mai yin GTA, Frostbite na EA wanda reshensu na DICE a Suwidin ya gina, Fox Engine na Konami. Ko wasannin da ke cikin salularka a kan irin waɗannan suke. PUBG Mobile a kan Unreal Engine 4 aka yi shi, Free Fire da Call of Duty Mobile kuma Unity.

In an ce wasa ya koma Unreal Engine 5, shi ke nan zai yi kyau?

Shiga kasuwar Dole ka nemi teloli biyu masu keke iri ɗaya, ka ba kowannensu shadda yadi biyar. Ɗaya zai ba ka kayan sallah, ɗayan kuma ya ba ka abin da za ka kyautar wa ƙanenka. Ba wanda zai ce laifin keke ne.

Masu buga ƙwallo sun ga wannan da idonsu. Tun daga PES 2014 har PES 2021, Konami da Fox Engine take aiki. Sai ta canza wa wasan suna zuwa eFootball, ta koma Unreal Engine 4, aka yi ta murna an samu "sabon inji". Wasan ya fito ranar 30 ga Satumban 2021, kafin gari ya waye hotunan fuskokin ƴan wasa a karkace sun cika duniya, har ya shiga sahun wasannin da aka fi kushewa a Steam, kantin wasannin kwamfuta na intanet. Konami ta fito ta ba da haƙuri, kuma cikakken gyaran bai iso ba sai Afrilun 2022. Alhali wannan Unreal Engine 4 ɗin ne dai aka yi wasanni masu kyau da yawa da shi. A wurina har yau PES 2021 ake layi a kai.

Shi kansa Unreal Engine 5, an fara nuna shi a Mayun 2020 a kan PS5, aka sake shi ga kowa a Afrilun 2022. Abubuwa biyu ake yi masa kirari da su: Nanite, mai ɗaukar siffofi masu ɗimbin ƙananan sassa ba tare da na'ura ta shaƙe ba, da Lumen, mai lissafin yadda haske ke bugun bango ya dawo. Amma amfani da su zaɓi ne, kuma suna da nauyi. Ana iya yin wasa da Unreal Engine 5 a kashe su duka biyun. Lumen ma ba ya aiki a PS4.

Kalmar "sabon inji" ita ma a riƙa yi mata tambaya. Yawanci sabon yaɓe ne a kan tsohon gini, irin gidajen ƙasa na Birni da ake sabunta wa fuska bayan damina. Injin Call of Duty, in aka bi salsalarsa, sai an dangana da na Quake III na 1999. Kuma tsufa ba aibi ba ne: RAGE da wasan ƙwallon tebur ya fara a 2006, shi ne dai aka yi ta ginawa har ya ɗauki Red Dead Redemption 2 a 2018.

To yaya zan gane injin da aka yi wasa da shi, ba sai an gaya mini ba?

Kunna wasan ka daina danna maɓalli don tsallake farkonsa. Tambarin Unreal ko Unity ko Frostbite yakan bayyana a nan, ko a bayan kwalin faifai, ko cikin jerin sunayen da ke wucewa in an gama wasa. Mai kwamfuta ya buɗe jakar wasan: in ya ga fayil mai suna UnityPlayer.dll, Unity ne. In ya ga jaka mai suna Engine da manyan fayiloli masu ƙarewa da ".pak", galibi Unreal ne. Shafukan SteamDB da PCGamingWiki suna rubuta injin yawancin wasannin kwamfuta.

Wannan duk na wasan da ya riga ya fito ne. Wanda bai fito ba, ba ka da faifai, ba ka da fayil, sai abin da kamfanin ya faɗa da bakinsa. Misali CD Projekt Red ta Folan ta sanar a Maris 2022 cewa sabon Witcher zai bar injinta na gida, REDengine, ya koma Unreal Engine 5. Wannan magana ce mai uba. Ana iya zuwa a karanta ta.

Wani ya ce mini da Unreal Engine 5 ake yin GTA 6.

Ce masa ya nuna maka inda Rockstar ta rubuta haka. Ba ta rubuta ba. GTA IV na 2008, GTA V na 2013, da Red Dead duka biyun, a kan RAGE aka yi su.

Na san inda ruɗun ya samo asali. GTA III, Vice City da San Andreas, waɗanda muka tashi da su a PS2, da wani inji mai suna RenderWare aka yi su. Da aka sabunta su ukun a Nuwamban 2021, wani kamfani daban, Grove Street Games, ya yi aikin, kuma da Unreal Engine 4. Sai ga kuma tarin bidiyoyin YouTube masu take "GTA 6 Unreal Engine 5". Aka haɗa wannan da wancan, labari ya tashi. Haka ma lambobin da ake liƙa wa RAGE, wai na tara ne ko na goma: a nemi takardar kamfani da ta kira shi haka kafin a yi rantsuwa a kai.

Amma Yaya, na ga bidiyon da idona. Ba an ce gani ya kori ji ba?

An ce, amma waɗanda suka ce ba su riski zamanin da yaro ɗaya mai kwamfuta zai zana birni guda cikin sati biyu ba. Bidiyoyin ƙarya da ake kawo mini iri uku ne. Akwai GTA V da aka yi wa kwaskwarima a kwamfuta, aka ƙara masa haske da ruwan sama da motocin gaske. Akwai wanda wani ya gina titi ɗaya tak a Unreal Engine, ya zagaya da kyamara, ya ɗora kiɗa. Ba wasa ba ne, ba abin da za ka iya bugawa. Na uku shi ne na ƙirƙirarriyar basira, wanda ya fi yawa yanzu a TikTok.

Kowanne da inda asirinsa ke tonuwa. Na farko, dubi ƙaramar taswirar da ke kusurwa da tsarin tituna, duk wanda ya daɗe a Los Santos, birnin GTA V, zai gane gida. Na biyu, buɗe bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon. Sau da yawa mai shi bai ma ɓoye ba, ya rubuta "concept" ko "fan made", wato hasashen masoyi ne. Wanda ya yanko shi ya tura WhatsApp ne ya bar wannan layin a baya. Na uku, tsayar da bidiyon ka karanta rubutun allunan shaguna da lambobin motoci, za ka ga haruffa sun narke, yatsu sun ƙaru, mutumin da ke bayan fage ya canza riga tsakanin daƙiƙa biyu.

Mafi sauƙi dai: ɗauki hoton allo, saka a Google Lens. Ranar nan wani ɗan ƙanena ya rantse cewa bidiyon da ke hannunsa jiya-jiya aka sato shi. Muka bincika, ya fi shekara biyu a intanet, an canza masa take kawai.

In daga kamfanin kansa bidiyon ya fito fa? Shi ma sai an bincika?

Shi ne ma ya fi buƙatar natsuwa, don ba ƙarya ce tsagwaronta ba, talla ce. Mai sayar da rago ba ya nuna maka gefen da ya rame.

Karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan allo, wanda ke wucewa kamar walƙiya. In ya ce "not actual gameplay", fim ne aka zana, ba shi da alaƙa da abin da manet zai ba ka. In ya ce "in-engine", da injin wasan aka yi, amma ana iya ɗaukar awanni ana zana abin da kake kallo cikin minti ɗaya, a kan kwamfutar da kuɗinta ya fi na shagona gaba ɗaya. In ya ce an ɗauka a kan PS5, to an matso kusa da gaskiya. Wanda ya fi duka shi ne ka ga mutum riƙe da manet yana bugawa minti goma ba yanka, ga taswira, ga ma'aunin rai, ga kurakuransa.

Tarihi ya ishe mu darasi. A taron baje kolin wasanni na E3 na 2005 an nuna Killzone 2 a matsayin abin da PS3 za ta iya, daga baya ta bayyana cewa fim ne na abin da ake fatan kaiwa. Wasan bai fito ba sai 2009. Watch Dogs na Ubisoft ya girgiza mutane a E3 na 2012, da ya fito a 2014 hasken da hayaƙin sun ragu, har masu kwamfuta suka tono wasu saituna da aka kashe a cikin fayilolinsa. Cyberpunk 2077 na CD Projekt Red ya fito a Disamban 2020. Abin da aka yi ta nunawa kafin nan na kwamfuta mai ƙarfi ne, na PS4 kuwa ya yi muni har Sony ta cire shi daga kantinta, bai koma ba sai Yunin 2021.

Wani lokaci kamfanin ya faɗi gaskiya, mu ne ba mu saurara ba. A Yunin 2025 an nuna wani yanki na duniyar Witcher 4 yana gudana a PS5, hoto 60 a daƙiƙa. CD Projekt Red ta ce a fili gwajin fasaha ne, ba wasan kansa ba. Amma bidiyon da ya iso salular yaran nan, takensa "wasan Witcher 4 ya fito". A ɗaya gefen, da Rockstar ta saki bidiyon talla na biyu na GTA 6 a Mayun 2025, ta ce a kan PS5 aka ɗauke shi, rabi wasa rabi fim na cikin wasa. Magana ce da za a iya riƙe ta da ita ranar da faifai ya shigo hannu.

Wa ke da ikon faɗin ranar fitowar wasa?

Mai wasan. Shi ma yana iya canzawa. Bi sawun GTA 6 ka gani. Bidiyon talla na farko, Disamban 2023, ya ce 2025. A Mayun 2025 Rockstar ta ɗage zuwa 26 ga Mayun 2026. A Nuwamban 2025 ta sake ɗagewa zuwa 19 ga Nuwamban 2026. Duka ukun daga bakin kamfani suka fito. In haka ranar mai abu take, ina ga ta mai shafin TikTok?

Akwai wata kafa da yara ba su sani ba. Rockstar mallakar Take-Two Interactive ce, kamfanin da ake sayar da hannun jarinsa, kuma duk wata uku dole ya yi wa masu jari bayani. A nan ana auna magana, don yaudarar masu jari tana kai mutum kotu. CD Projekt ta ɗanɗana: masu jari sun kai ta ƙara bayan Cyberpunk, ta amince ta biya dala miliyan 1.85 a sasanta. Saboda haka abin da shugaban kamfani ya faɗa a irin wannan zama ya fi nauyi a kan hira da ɗan jarida.

In kuma ka ga wani kantin intanet ya rubuta 31 ga Disamba, kar ka yi zumuɗi. Cike gurbi ne, don shafin ba ya karɓar kaya ba rana. Duk labarin da ya fito ranar 1 ga Afrilu kuma, bar shi ya kwana.

An nuna tambarin wasa a babban taro. Ba ya kusa fitowa ke nan ba?

The Elder Scrolls VI, a Yunin 2018 aka nuna tsaunuka da suna, bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Yaran da ke firamare a lokacin sun girma suna jiransa. Duke Nukem Forever an sanar da shi a 1997, ya fito a 2011, kuma canza inji a tsakiyar aiki na cikin abin da ya ja shi. Metroid Prime 4 an sanar a 2017, a Janairun 2019 Nintendo ta ce ta rushe aikin ta sake daga farko. Half-Life 2: Episode Three kuwa, tun 2006 aka yi alkawarinsa. Wani lokaci ana nuna tambari ne don a jawo ma'aikata ko a kwantar wa masu jari da hankali. Kuma in ka ji wasan da ake tsakiyar yi ya "koma sabon inji", kai dai ka ƙara masa lokaci.

To masu kwarmato fa? Ai wani lokaci suna faɗa ta tabbata.

Ƙwarai. A Satumban 2022 wani matashi ɗan Ingila ya kutsa cikin Rockstar ya watsa bidiyo kusan 90 na GTA 6 tun yana ɗanye. Washegari kamfanin ya tabbatar da cewa nasa ne. Ka lura da kamannin na gaskiyar: munana ne, rubutun gwaji ya cika allo, mutane na tafiya kamar gumaka, wasu wuraren ba fenti. Kayan sata na gaske ba ya zuwa da kiɗa da tambari mai ƙyalli. In ka ga "bidiyon sata" ya fi tallar kamfani kyau, an yi maka kitso da ƙwarƙwata.

Ga yadda nake auna mai kwarmato. Yana da suna da wurin aikin da zai kore shi in ya yi ƙarya? Jason Schreier na Bloomberg, misali, in ya rubuta abu da sunansa da na jaridarsa yake rubutawa. Yana faɗin abu takamaimai da za a iya kama shi da shi, ko kuwa "wani babban abu na tafe" irin na boka? Yana goge tsofaffin maganganunsa da ba su tabbata ba? Sannan a kula da wannan tarkon: shafuka goma sun ɗauki labari ba ya nufin shaidu goma. Bi su ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa duk a bakin mutum ɗaya za su tsaya, kamar jita-jitar unguwa da ka ji a Zango, ka ji a Garin Malam, ashe duk daga fada ɗaya ta tashi.

Akwai kwarmaton da ba na mutum ba. Hukumomin tantance shekarun masu wasa, PEGI a Turai, ESRB a Amurka, da ta Koriya ta Kudu, sukan saka sunan wasa a rajistarsu kafin a sanar da shi. Wannan alama ce mai ƙarfi cewa wasan ya kusa kammaluwa.

An turo mini hoton sanarwa daga shafin kamfani, har da alamar shuɗi.

Hoton allo ba shaida ba ne, minti biyu ya isa a ƙirƙira shi. Alamar shuɗi kuma, tun ƙarshen 2022 ake sayenta a Twitter, wanda yanzu ake kira X. Je shafin da kanka. In sanarwar ba ta can, babu ita.

A kasuwa na ga faifan PES na bana na PS2, kuma akwai na PPSSPP, manhajar buga wasannin na'urar PSP a salula. Na gaske ne?

Wasa ne na gaske, ana bugawa, amma ba sabo ba ne. PES na ƙarshe da Konami ta yi wa PS2 da PSP shi ne PES 2014. A PS3 ta tsaya a PES 2018, EA kuma a FIFA 19. Sunan PES ma ya ƙare a 2021, na FIFA ya ƙare a FIFA 23, daga 2023 EA Sports FC ake kira. Duk abin da ka gani a tsofaffin na'urorin nan bayan waɗannan faci ne: masoya sun ɗauki tsohon wasa, sun canza riguna, sun sauya wa ƴan wasa kulob, sun manna sabon hoto a kwali. Ni ma ina da su a PS2 ɗin yara, kuma ina jinjina wa masu yin su, don a cikin irinsu ne kawai za ka ci karo da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, a tsohuwar na'ura. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maka "sabon inji" ne a ƙara maka kuɗi. Na taɓa biyan jaka guda a kan irin wannan faifai wurin wani mai tebur, na dawo na tarar da wasan da nake da shi ne, an canza masa waƙar farko.

Wanda ya fi ciwo shi ne "GTA 5 na Android". Rockstar ba ta fitar da GTA V a salula ba. San Andreas ne ya zo waya, a Disamban 2013. Wani yaro da ke zuwa wurina ya tara kuɗin karin kumallonsa na sati, ya sayi forfe, ya kwana yana sauke fayil mai nauyin giga biyu da rezo mai zuwa da dawowa. Da safe ya buɗe: hoton Franklin, ɗaya daga jaruman GTA V, sandar lodi ta cika, sai aka ce ya sauke wasu manhajoji uku "don tabbatarwa". Ya sauke. Wasa bai buɗe ba, talla kuwa ta riƙa faɗo masa ko yana kiran mahaifiyarsa. Sai da muka wanke wayar gaba ɗaya, hotunansa na sallah suka tafi. Ranar ban karɓi kuɗinsa ba.

Sabon wasan zai hau PS4 ɗina?

Dubi ƙarshen bidiyon talla, nan ake jera tambarin na'urori. A sanarwar GTA 6, PS5 da Xbox Series X da S aka ambata. Ba PS4, ba salula.

Ko da sunan na'urarka ya fito, tambayi wane iri za a ba ka. FIFA 17 ne ya fara hawa Frostbite a 2016, aka yi ta tallar sabon inji da yanayin labari mai suna The Journey. Na PS3 bai samu ko ɗaya ba, tsohon inji ne da sababbin riguna. Suna ɗaya, kwali kusan ɗaya, kaya daban. Mu da yawancin na'urorinmu na hannu ne, daga Kano ake shigo da su bayan an gama yayinsu a wani wuri, wannan tambayar ta fi mana kowace muhimmanci. Kafin ka saya, nemi bidiyon wasan a kan irin na'urarka. Masu Digital Foundry aikinsu ke nan, suna jera na'ura da na'ura suna ƙirga hoto nawa kowace ke bayarwa a daƙiƙa.

Mega ɗina kaɗan ne, Turancina ma haka. Ta ina zan fara?

Bar bidiyo, nemi rubutu. Labari ɗaya a rubuce bai kai cin daƙiƙa kaɗan na bidiyo ba. Shafin PlayStation Blog yana da na Faransanci, Jeuxvideo.com da Gamekult ma da Faransanci suke, Rockstar kuma tana saka sanarwarta a sashen Newswire na shafinta. Sannan ka san lokutan da ake sanarwa. E3 ya mutu, an tabbatar da haka a Disamban 2023. Yanzu akwai Summer Game Fest a Yuni, Gamescom a birnin Kolon na Jamus a Agusta, The Game Awards a Disamba, sai State of Play na Sony da Nintendo Direct da ke zuwa lokaci-lokaci. Babban labari in ya fito, cikin awa ɗaya duk waɗannan shafuka sun ɗauka. In kwana ya wuce mutum ɗaya ne kawai ke da shi, ka adana megarka.

In biya kuɗin wasa tun kafin ya fito?

Sayen kifi a ruwa ke nan. The Day Before ya daɗe a sahun gaba na wasannin da aka fi jira a Steam saboda bidiyoyinsa. Ya fito ranar 7 ga Disamban 2023, bayan kwana huɗu kamfanin da ya yi shi, Fntastic, ya sanar da rufewa. Wasan da ake saukewa ba ya ƙarewa a kanti kamar buhun shinkafa. Jira sati ɗaya, ka ga abin da waɗanda suka saya ke cewa. Wanda kuma ya ce ka tura masa kuɗi ta waya ya "riƙe maka wuri" ko ya ba ka gwajin GTA 6, ɓarawo ne.

To in musu ya ƙi ƙarewa a fada, wa zai raba?

Mu bango ke raba mu. A bayan talabijin na biyu akwai wurin da siminti ya yi santsi, da guntun alli a kan taga. Duk wanda ya zo da rana ko labari, sai ya rubuta shi, ya rubuta wanda ya faɗa a gefe, ya sa harafin farko na sunansa. In ta tabbata, yana da wasa uku kyauta. In ta ƙi, sukarin shayi na sati a wuyansa. Wanda ya ce "an ce" ba a ba shi alli.

Yanzu haka akwai "2025" da aka ja wa layi, akwai "26 Mayu 2026" da aka ja wa layi, waɗannan ba a ci kowa tara ba tunda kamfani ne ya canza. A ƙasansu akwai "GTA 6 zai hau PS4, in ji wani ɗan TikTok". Mai wannan rubutun ya ce shi ba zai sayi sukari ba sai ya ga faifan da idonsa, kuma ya hana kowa gogewa.